Ciwon Ramlatu Da Kyanwarta

Sha'ibu ɗan dako ne a wani kantin fatu na Nasara, a shekarun da Faransawa ba su daɗe da kafa bariki a Zinder ba. Gidansa na cikin Birni, da shi da matarsa Rakiya, da 'yarsu guda, Ramlatu, sai Gwaggo Shatu, ƙanwar mahaifinsa, wadda yunwa ta koro daga ƙauyen Hamdara.

Wata rana ya shigo da wani gwangwani mai murfi da aka zubar a bayan kanti. A da, farin garin da ake barbaɗa wa fatu don kada ƙwari su ci ne a cikinsa. Rakiya ta ɗauraye shi sama-sama, ta mayar da shi mazubin nonon akuyar da ake tatsa wa Ramlatu ita kaɗai. Yarinyar kuwa ba ta shan nono sai ta rage wa kyanwarta.

Ba a jima ba Ramlatu ta fara amai da gudawa, tana riƙe ciki tana kuka. Kyanwar ma ta daina kamun ɓera, ta kwanta gindin randa tana kelaya amai.

Gwaggo Shatu ce ta fara lura. Ta ce, "Sha'ibu, ciwon yarinyar nan da na kyanwar nan iri ɗaya ne. Akwai abin da suke ci tare. Ka kai ta wajen lokotoro ya duba."

Lokotoro shi ne likitan sojan Faransa da ke bariki. Sha'ibu ya ɓata rai. Ya sha ji a kasuwa cewa wanda ya shiga ɗakin lokotoro ba ya fitowa da jininsa cikakke.

Ya ce, "Gwaggo, ni 'yata ba za ta je hannun Nasara ba. Ke kuma yaya aka yi kika san ciwonsu ɗaya ne?"

Ta ce, "Ido gare ni, ɗana."

Wannan amsa ba ta kwanta masa ba. Ya soma tuna abubuwa. Ai tun zuwan tsohuwar kyanwar take kwana a ƙofar ɗakinta. Ai ya taɓa jin tana yi wa kyanwar magana kamar mutum. Ya tafi wajen wani boka a hanyar Gaffati. Bokan bai ga yarinya ba, bai tambayi abin da take ci ba. Ya zana ƙasa ya ce, "Hannun mutum ne, kuma na cikin gida."

Daga ranar Sha'ibu ya hana Ramlatu cin duk abin da gwaggonsa ta taɓa. Tuwo ma ya hana. Ya ce nonon gwangwani kaɗai za a riƙa ba ta, tunda shi yana da murfi, ba mai iya zuba masa kome.

Kyanwar ta mutu da safiyar wata Laraba. Kafin azahar unguwa ta ɗauka cewa mayya ta cinye kurwar kyanwa, saura ta yarinya. Mata suka cika zaure. Aka fito da Gwaggo Shatu, aka ce sai ta tsallake Ramlatu ta sakar mata kurwa. Tsohuwa ta tsallake tana hawaye, tana cewa, "Wallahi jikata ce. Ku duba abincinta." Ba wanda ya saurare ta. Sha'ibu da kansa ya miƙa mata ƙunshin kayanta, yara suka raka ta da jifa har ƙofar gari.

Mayya ta tafi, ciwo bai tafi ba. Ƙafafun Ramlatu suka saki, idonta ya faɗa.

Rakiya ta ce, "Malam, wadda ake zargi ba ta nan, ga yarinya tana ƙara lalacewa. Ka bar ni in kai ta."

Ya ce, "Ko ke ma da bakinki a ciki?"

Washegari yana fita aiki Rakiya ta goya 'yarta ta nufi bariki.

Lokotoro ya duba harshen yarinyar da tafin hannunta, ya danna cikinta. Ta bakin tafinta ya tambaya ko akwai wani mai irin wannan ciwo a gidan. Rakiya ta ce babu, sai dai kyanwa, ita kuma ta mutu. Ya ɗago kai da sauri. Ya ce me suke ci tare? A cikin me ake zubawa? Rakiya ta ce nono ne, a cikin wani gwangwani. Aka aika gardi, wato dogarin bariki, ya ɗauko gwangwanin, ya biya kanti ya taho da Sha'ibu.

Lokotoro ya kankare lungun gwangwanin da wuƙa, farin gari ya fito. Tafinta ya ce, "Ya ce wannan guba ce. Da tun aman farko kuka zo, daina shan nonon nan kaɗai ya isa. Yanzu zai gwada, amma ta sha da yawa."

Ya gwada. Ramlatu ta cika kafin la'asar.

Bayan an share makoki Sha'ibu ya taka har Hamdara. Ya iske labarin maita ya riga shi zuwa. Gwaggo Shatu na zaune a wata bukka a bayan gari, ba mai ɗebo mata ruwa. Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, ki gafarce ni."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce, "Yaya jikin Ramlatu?"

Sha'ibu ya kifa kansa a ƙasa ya fashe da kuka.

Jama'a, idan ciwo ya shigo gida, a fara binciken abin da aka ci da abin da aka sha, a kai marar lafiya ga mai duba jiki tun da wuri, kuma kada a raina ciwon dabbar gida. Zargin mutum ba ya warkar da kowa, lokacin magani kawai yake cinyewa.