Tarwaɗar Mai Ɗinkin Hula

Akwai wata mata mai ɗinkin hula, ita kaɗai a ɗakinta tun da 'ya'yanta suka yi aure suka watse. Idonta ya fara rauni, don haka ba abin da ta tsana irin duhu. Da gari ya waye za ta ja tabarma bakin taga, nan take ɗinki, nan take cin abinci, in rana ta juya ita ma ta juya. Wata rana ta je kasuwa sayen kifin miya, sai ta ga wata 'yar tarwaɗa a gindin daro, ba ta fi yatsa ba, tana ta mutsu-mutsu a ragowar ruwa. Mai kifin ta ce ta ɗauka kyauta, wannan ko ƙamshi ba za ta sa wa miya ba. Ta ƙullo ta a leda ta zo da ita gida. Ɗanta na fari aikin gilashin taga yake yi, shi ya haɗa mata akwatin gilashi, ya liƙe shi ko ɗigo ba ya yi. To, sai ta yi wa tarwaɗar nan irin gatan da ita take so a yi mata. Ta ɗora akwatin a bakin taga inda rana ta fi haskawa, ta goge gilashin fes, ba tsakuwa ba ciyawa ba komai a ciki, har ta sa aka rataya ƙwan lantarki a samansa saboda ranar hadari. Tana ɗinki tana kallonta tana ba ta labari, wa ya haihu, wa ya yi tafiya, wace ta yi wa mijinta yaji. Ita dai a ganinta ta samu abokiyar hira. Amma tarwaɗar nan kullum tana kusurwa guda, ta cusa kai tana goga baki a gilashi kamar mai neman ƙofa. A jefa mata gara, ba ta ci. A tono mata tana, ko kallo. Baƙin jikinta ya koɗe ya koma kamar toka, gashin bakin nan nata ɗaya ya gutsure. Hankalin matar ya tashi. Ta ce ko datti ne, ta ƙara goge gilashi. Ta ce ko kewa ce, ta ƙara matsowa kusa, tana ƙwanƙwasa mata da farce. Ta ce ko hasken ne bai isa ba, ta cire labulen gaba ɗaya. Ran kwana na tara tarwaɗa ta fara kwanciya ta gefe, kuma duk wanda ya san kifi ya san abin da ke biyo bayan wannan.

Ranar da azahar ruwa ya sauko ba sallama, ga shanya a igiya. Ta kwaso a guje, ta rataya wasu a ƙofa, wasu a kujera, wani baƙin zane ya rasa wuri ta yafa shi a kan akwatin kifin, ta koma tara ruwa a bokiti. Tana dawowa sai ta ji ɗan motsin ruwa, fal, fal. Ta zaci magagin mutuwa ne. Ta ɗaga bakin zanen a hankali ta leƙa. Sai ga tarwaɗa ta miƙe tana zagaya gindin akwati tana lalube da gashin baki, garar da aka zuba tun safe babu ko ɗaya. Don murna ta yaye zanen duka, nan take kifi ya ruga kusurwa ya maƙale. Ta mayar, ya fito. Ta yaye, ya gudu. Sau uku tana gwadawa, sannan ta zauna a ƙasa. Da farko abin ya yi mata ciwo, wato duk hirar nan da hidimar nan, ita ce ba a son gani? Can sai ta tuna tana yarinya a ƙauyensu, ba ta taɓa ganin an kama tarwaɗa a ruwa garai-garai ba, sai a taɓo, sai a ramin gaɓa, sai ƙarƙashin saiwa. Ta tashi ta je bayan ɗaki inda wani tsohon tulu ya fashe, ta ɗauko ɓangaren wuyan, ta wanke da ruwa zalla ba sabulu, ta kifa shi a cikin akwatin. Ta zuba yashin rafi, ta cire ƙwan lantarkin, ta ja akwatin zuwa lungun gado inda ita ko allura ba za ta iya zura wa zare ba. Daga ranar ba ta cika ganin kifinta ba, sai dai gashin baki ya leƙo ta bakin tulu yana rawa. Wata maƙwabciya ta shigo aron murhu ta leƙa ta ce, "Iya, yanzu tulu kike kiwo?" Ta yi dariya ta ce, "Mai ɗakin na ciki, ba ta karɓar baƙi." Ba ta ƙara ƙwanƙwasa gilashi ba, ba ta ƙara leƙe ba. Ta zuba gara ta juya baya, in ta waiwayo babu. Kafin damina ta fita tarwaɗa ta yi baƙi wuluk tana sheƙi, ta yi ƙiba har wuyan tulun ya yi mata kaɗan, sai da aka fasa wata tsohuwar randa aka canja mata ɗaki.

Shi ya sa Hausawa suka ce, abincin wani, gubar wani.