Suna na Goma

Karo na bakwai ke nan Mele, mai kula da kwamfutar ofishinsu a Kazaure, yana buga wa injin umarni ya sake karanta tsohon faifan. Wuri ɗaya ya lalace, a nan kuma suna na goma ya maƙale, cikin jerin da ake raɗe-raɗin na kora ne.

Sakatare yana tsaye a bayansa. "Motar Dutse fa ba za ta jira mu ba."

Faifan ya yi ƙara, sunan ya fito. Nasa ne. Ya shafe wurin kafin Sakatare ya sunkuyo.

"Ranka ya daɗe, nan ya mutu."

"Kash! To, mutum tara za mu tura karatu Ingila ke nan."