Muryar Fijon Baba

"Ba zan cire injin nan ba, ranka ya daɗe," na ce wa jami'in hukumar tsaftar iska.

Tun da aka hana injin fetur, motoci suka yi shiru. Baba kuwa ya makance, da kunne yake gane tsohuwar Fijonsa. Da hannuna na gyara mata injin fetur ɗinta, saura tiyon da zai kai wa injin mai.

"Injiniya Ramlatu, sa mata batir ki tsira da aikinki."

"Batir ba ya gaishe da Baba."

Na ɗaura tiyon, na murza makulli. Baba ya dafa motar yana hawaye.

Sun ja motar, sun soke lasisina. Yanzu kowace safiya ni nake yi masa ƙarar injin da bakina.