Layin da Ya Manta Bai Goge Ba

Tun safe take gyaran rubutun mutane a maɗaba'ar da take aiki, idanunta har sun yi ja, sai ga saurayinta ya ajiye mata shafi huɗu. Rubuta wa manya jawabi ne sana'arsa, wannan kuwa wasiƙar neman aurenta ce.

Ta ɗauki jan biro ba tare da ta ko dube shi ba. Ta soke "tauraruwar zuciyata". Ta soke rabin shafi na yabo.

"Sau tara ina sake ta," ya ce, muryarsa a dushe.

"Da gani. Ka yi ta gyara har babu kai a ciki. Taro kake yi wa magana, malam, ni kuwa ni kaɗai ce a nan."

A gefen shafin ƙarshe hannunta ya tsaya. Ya rubuta wa kansa da fensir, ya manta bai goge ba: "In ta ƙi, ban san yadda zan yi ba."

Ta daɗe tana kallon layin, sannan ta zagaye shi, ta rufe biron.

"Wannan kaɗai ne naka. Fara daga nan. Kuma ka taƙaita in ka zo gidanmu, Baba ba ya son dogon zance."