Giyar Da Ta Fita A Gangara

Noti na huɗu ya ƙi kwancewa. Eusebio bakanike, wanda ake kira Manong don girmamawa, ya ɗiga masa baƙin mai, ya zauna a ƙasa yana jira.

Kwana uku ke nan yana ƙarƙashin wannan jifni, tsohuwar motar haya da ke ajiye a bayan ofishin 'yan sanda. Ta ci kilomita fiye da dubu ɗari bakwai. A duk tsibirin, shi kaɗai ya rage da ya san cikin irin wannan injin.

Ranar da ya fara zuwa, sajan ofishin ya daɗe yana kallonsa.

"Manong, kai da kanka za ka buɗe ta?"

"Akwai wani ne?"

Sajan ya miƙa masa makulli.

Direban motar, Tasyo, yana tsare. Ya tsaya a gangaren kasuwa ya sauka sayen taba, motar ta gangara ba kowa a ciki, ta take wata yarinya 'yar makaranta a bakin titi, yarinyar ta rasu. Ya rantse ya bar ta a giya ɗaya, ya ja birkin hannu. Ba wanda ya yarda, domin an san shi da gaggawa.

Matarsa Luzviminda ce ta je har gareji ta roƙi Eusebio ya duba motar. A bakin ƙofa ta tsaya, ta yi maganar tana kallon ƙasa. Tun daga nan kullum takan kawo shinkafa da busasshen kifi ta ajiye kusa da taya. Kullum takan ɗauke kwanon yadda ta kawo shi.

Notin ya saki. Ya sauke giyabos, akwatin giyar motar, ya wanke shi da kananzir, ya jera kayan cikin a kan buhu. Hannunsa na aiki, kansa babu komai.

Haƙoran giya ɗaya sun cinye, sun yi sumul. Ƙaramin sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen da ke riƙe ta, ya karye, karayar har ta yi tsatsa. Ya haɗa, ya sa giya, ya ɗan girgiza da tafin hannu. Ta fita. Ya maimaita sau goma, ta fita sau bakwai. Wayar birkin hannu kuwa ta tsinke daga cikin bututunta, inda ido ba ya kaiwa.

Ya daɗe zaune da sifirin a hannu. Ba wanda ya gani sai shi. Kwata tana nan kusa da ƙafarsa, da zai jefa shi ciki, shi ke nan.

Ya sa shi a leda, ya kai wa sajan.

"Mutumin ya faɗi gaskiya. Rubuta, in sa hannu."

"Ka san lauyansa zai fitar da shi da wannan?"

"Na sani."

Luzviminda tana waje. Ta taso ta nufo shi.

"Je ki gida, Manang," ya ce, yana kiranta yadda ake girmama mace a nan. "Ki daina kawo abincin."

Ya wanke hannu a famfo, man bai fita daga ƙarƙashin farcensa ba. Ya sa rigarsa mai tsabta, ya kama hanyar coci da ƙafa. Tasa matar tana can tana jiransa da kyandir, domin yau kwana arba'in ke nan da motar ta take 'yarsu Marisol.