Matar da Aka Yanke wa Kai a Hoto

Yaya Babba ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton har ya cika fuskar wayar, sannan ta ja tsaki. Doguwar riga ce shuɗiya a jikin wata mata, an yanke hoton daga wuya kamar sauran. A ƙasa an rubuta cewa sabon kaya ya iso, ana kaiwa har gida.

Shagon matar ƙaninta ne, in dai abin da ba shi da ƙofa ba shi da kanta za a kira shi shago. Maman Biyu, kamar yadda dangi ke kiranta tun da ta haifi tagwaye, tana aiki a ɗakin ba da magani na wani asibiti. Wannan bai ishe ta ba. Sai da ta mai da ɗakin baƙi sito, ta kafa farin labule da wata fitila mai kama da zobe, ta buɗe shafi a yanar gizo tana sayar da rigunan mata. Ɗakin da Yaya Babba ke sauka in ta zo kwana! Ranar da ta tarar da kwalaye jibge a kan gadon, a falo ta kwana, kuma har yau ba ta yafe ba.

Ita dai Yaya Babba ko allura ba ta taɓa sayarwa ba. Amma ta san yadda ya kamata kowa ya yi rayuwarsa, kuma kyauta take raba wannan ilimin.

Da farko cewa ta yi shagon ba zai kai ƙarshen shekara ba. Da ya kai, sai ta ce tagwayen ne za su lalace. Su ma suka ƙi lalacewa, don duk Asabar, ranar ɗaukar hoto da ƙulla kayan masu saye, Mama, mahaifiyarsu ita da ƙanin, kan je ta wuni a gidan, wai rainon jikoki. Wannan ya fi komai ci wa Yaya Babba rai. Tsohuwar da tun rasuwar Baba take ƙunshe a ɗaki cikin koɗaɗɗen zani, ko ƙofar gida ba ta leƙawa, ita ce yau aka mayar 'yar aikin suruka. Abin haushin ma, da sassafe take shiryawa, ta daina ko kukan gwiwa.

Sai Allah ya ba ta makami, wato matar cikin hotunan.

Sauran masu shago mutum-mutumi suke sa wa riga. Maman Biyu kuwa mace mai rai ta ɗauko, ƙatuwa, kuma daga ganin hannuwan ka san an kwana biyu a duniya. A ɗauke ta ta gaba, a ɗauke ta ta baya, ta riƙe ƙugu kamar wata budurwa. Mata marasa aikin yi kuma sai zuga ta suke a ƙarƙashin hoton: gara da kuka sa mai jiki irin namu, yanzu mun ga yadda rigar za ta zauna. Yaya Babba ta karanta duka, don ta tabbatar da lalacewar zamani.

Ta sami ƙaninta da zancen. A gidanka ake wannan tallar jiki, kana kallo? Ya yi wani tari da bai yi kama da tari ba, ya ce ta kai wa Mama, abin da Mama ta yanke shi za a yi. Maman Biyu tana durƙushe tana liƙe leda da salatif, kayan asibiti ko cirewa ba ta yi ba. Ta san in Mama ta ce a rufe, to an rufe, da kayan da ta zuba da masu sayen da ta tara. Duk da haka "To, Yaya" kawai ta ce. Raini ke nan.

Washegari da yamma Yaya Babba ta isa ɗakin Mama. Ta tarar da sabuwar riga rataye a ƙofar kabad, irin ta shagon. An toshe wa tsohuwa baki da tsumma, ta ce a ranta.

"Mama, ki sa tabarau ki ga abin da ake yi a gidan ɗanki kina can kina fama da yara."

Mama ta sa tabarau, ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallo.

"Wannan ɗin mutum nawa suka ce ya yi musu?"

"Ina ruwanki da wannan, Mama? Matar za ki duba. Tsofai-tsofai da ita, ba kunya ba tsoron Allah. Dubi hannu duk jijiya. Dubi kafaɗa, ɗaya ta karkace. Ni 'ya'yanta nake jin haushi, in ma tana da su, marasa zuciya kawai." Ta shafa wayar ta kawo hoton da aka ɗauka ta baya. "Ke dubi baya don Allah, kamar ƙofar gareji! Kalma ɗaya za ki faɗa a rufe shagon nan, mu huta da abin kunya."

Mama ta cire tabarau, ta naɗe shi a hankali, ta miƙa mata wayarta.

"Shago dai ba za a rufe ba," in ji ta. "Bayan nan kuwa da kike kira ƙofar gareji, shekara biyu kika yi a kansa kina tsula mini fitsari."