Matakalar Zauren Malam Tamu

Sunan ƙauyen ya kuɓuce mini, shekarar ma haka. Tsufa ke nan. Na dai san yana tsakanin Aliero da Maiyama, kuma lokacin ana cire albasa.

Akwai tsohon zaure a can, ginin ƙasa, wanda Malam Tamu ya gina tun zamanin Turawa, ya karantar a ciki har ya rasu. Har yau a nan ake karatun la'asar. Mai riƙe da mabuɗin shi ne Alhaji Mu'azu, tattaɓa-kunnen malamin, wanda bai gaji harafi ɗaya daga ilimin kakansa ba, sai ƙofa.

Alhaji na son baƙi. Yakan nuna musu alkukin littattafai da bai wuce gwiwa ba, ya ce tawali'un Malam ke nan. Yakan fito da takalman katako, gajeru, masu mariƙi a sama, ya ce irin na mutanen da ne. Amma abin alfaharinsa matakalar ƙofa ce, doguwa, mai tsayin hawa.

Sai motar albasa ta kife da Labbo a hanyar Jega. Manomi ne, ya daɗe yana ɗaukar karatu a zauren. Ya dawo daga asibiti a kan keken guragu, keken kuwa ba ya hawa matakala. Daga waje ba a jin muryar mai karantarwa. Abokan karatunsa suka ce za su kawo siminti su yi gangara a gefe.

Alhaji ya dafe ƙirji. "Gangara? Ga ƙofar Malam? Wagga matakala ƙafar Malam ta taka ta safe da marece. Wanda ya taɓa ta, Malam ya taɓa!"

Labbo ya ce, "Alhaji, littafin da munka faro nika son in kai ƙarshe."

"To a ɗauke ka mana. Ai ba ka kai buhun albasa nauyi ba."

Sau ɗaya aka ɗauke shi, ya kusa suɓucewa a gaban jama'a. Bai sake yarda ba. Ya riƙa zama gindin bango yana kasa kunne, Alhaji kuwa ya sa aka shafa wa matakalar farar ƙasa don baƙi su fi ganinta. Da damina ta sauka Labbo ya daina zuwa. Aka sauke littafin ba shi.

Abu ɗaya ban manta ba, don na je Maiyama da kaina na tambayi Kande, jikar Malam, wadda ta tashi a gabansa, wasu tsofaffi biyu kuma suka gaskata ta. Bayan rasuwarsa aka gina matakalar nan, don a lokacinsa ƙofar daidai da ƙasa take: Malam Tamu gurgu ne, da hannu yake shiga zaurensa.